Dankalin da ya ƙi dahuwa

Dankali uku uwargida ta ɗora, biyu sun dahu, babban da ta ware wa fasto ya ƙi, ga shi faston yana hanya. Ta soka cokali, cokalin ya lanƙwashe.

"Ubangiji, wannan wace jarabawa ce?"

Sai maigidan ya dawo daga gasar yanka duwatsun ado, ya leƙa tukunya, ya dafe kai.

"Baiwar Allah, dutsen aƙiƙ ɗina kike dafawa! Shekara uku ina bin gonakin garin Montrose kafin na tsinto shi!"

"Wa ya ce ka aje shi a kwandon dankali? To, me ka kai gasar?"

Ya sunkuyar da kai. "Dankalinki na kai. A gaban mutum arba'in injin ya raba shi biyu."

"Miƙo shi, ka rage min aiki."