Kwalbar da Duba-gari Ya Koma da Ita

Malam Hananiya duba-gari, kai ka cuce ni, kuma sai ka amsa!

Ɗana Bilya yana kwance a asibiti a Kano, mafitsararsa ta lalace. Likita ya ce tsargiya ce ta daɗe tana cinsa. Wai wata tsutsa ce take fitowa daga dodon koɗin kanal ɗin ban-ruwa, ta huda fatar mai shiga ruwa, ta zuba ƙwai a jikinsa. Na ce, "Likita, jinin fitsarin nan ai na balaga ne." Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Shekara goma ke nan, farkon sako ruwan madatsar Tiga a kanal, Bilya ya fara fitsarin jini. Har waina na toya, na ce yarona ya zama namiji. Haka muka taso muka ji.

Amma kai ka sani. Ka zo gidana a Bunkure a kan keke, da 'yar kwalba, ka ce, "Inna Barira, a ba ni fitsarin yaron nan a auna, akwai magani." Ka koma da kwalbarka babu komai, ba ka sake dawowa ba.

E, na ce maka maye. Na bi ka da taɓarya har bakin gada, ka yar da takalminka ɗaya. To, ni ban yi boko ba. Kai da ka san abin da ke cinsa, don me ka gudu?

Takalmin yana ɗakina. Zo ka karɓa, ka amsa mini.