Dutsen Niƙan Inna

A wani ɗan gidan adana kayan tarihi na ga dutsen niƙa a kan tebur, da takarda a gabansa. Cikinsa ya lotsa kamar na Inna, kakata.

Ina shekara tara aka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Maradun, domin ruwan madatsar Bakolori zai ci gidajen. Bayan la'asar motar kwasar kaya ta cika, saura dutsen. Direba ya dube shi, ya girgiza kai.

Babana ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Inda za mu akwai inji."

Ta ce, "Inji ya san hannuna? Bisa dutsen ga uwata ta niƙa abin da ta ciyar da ni."

Ta kira ni muka durƙusa, ta ɗebo gero tafi guda, ta ɗora hannuwanta a kan nawa muka niƙa. Har yau ina jin ƙamshin garin. Ta share dutsen tas, sannan ta miƙo mini faifanta.

"Rufe shi, ɗiyata, kada kaji su hau."

Kajin suna cikin kwando a saman mota. Ta sani, ni ma na sani. Na rufe, na danne faifan da ɗan dutsen, yadda take yi kullum da yamma.

Na daɗe tsaye a gaban teburin nan, har ma'aikacin wurin ya tambaye ni ko da matsala. Na ce babu. Sai dai sun bar shi a buɗe.