Alkawarin Tanimu Tela

Tun da zuciyata ta buga bara, asibiti suka sa mini zoben nan da ake sa wa irinmu. Wai kumburin da ke cikin jini yake aunawa. In ya yi kore, da sauran shan ruwanka. In ya yi ja, ka fara neman gafarar mutane. Ni kam na naɗe nawa da fata, ban taɓa leƙawa ba.

Yau na kai wa Tanimu tela shadda, ta bikin jikata Zulai da za a yi da kaka. Tanimu bai taɓa gama ɗinki a kan lokaci ba sai na abokina Sallau, wanda zobensa ya yi ja. A yini guda ya gama masa riga. Sallau bai ga wankinta ba.

"Baba, miƙo hannu in gwada," in ji Tanimu.

"Hannun riga za ka gwada, ɗan nema, ban da leƙe-leƙe."

Ya yi dariya, amma na ji yatsansa ya ɗaga fatar. Na kau da kai.

"Yaushe zan zo karɓa?"

Ya jefa shaddar kan tulin kayan mutane, ko ninkewa bai yi ba.

"Kai Baba, aiki ya yi mini yawa. Ka riƙa leƙowa dai."

"Maƙaryacin banza. Allah ya yi maka albarka."

Sai da na tsallaka titi na tuna yaron yana da tausayi, ko ja ya gani ba zai nuna mini ba. Na raɓe bayan wata bishiya, ina kallo ko zai ɗauko shaddar.