Ƙwayar Wake a Kan Takardar Gwaji

Kai mai gaggawa, zauna ka ji wannan.

Wani mai sayar da iri yana da wake kala biyu. Ɗaya ja ne, ɗan wuri, kwana sittin ya nuna, shi ake kai wa mutanen arewa inda ruwa ke saurin ɗaukewa. Ɗayan ruwan ƙasa ne, sai ya sha damina har ƙarshenta. Yawancin manoman da ke saye a wurinsa ba sa karanta boko, da hoto suke gane iri. Ya sa aka zana masa fakiti biyu a kwamfuta. A fuskar kwamfutar jan yana ƙyalli kamar garwashi, ko daga nesa ka bambanta shi da ɗan'uwansa. Ya kai aikin maɗaba'a, ya ce a buga masa dubu ashirin a ranar, don hadari ya fara haɗuwa. Matar da ke duba aiki kafin a ɗora shi a inji ta ƙi. Ta ce, "Baba, kwamfuta da haske take rini, inji kuwa da tawada. Bari in fitar da guda ɗaya tukuna." Ya yi tsaki, ya zauna. Da takardar gwaji ta fito, sai ga jan ya dushe, waken nan biyu sun koma kala ɗaya. A ransa mutumin ya hango manomi can arewa ya shuka mai dogon kwana, ruwa ya ɗauke ya bar shi da ganye zalla, ga yara a gida, ga sunansa shi mai iri a jikin fakitin.

Matar ta karɓi ƙwayar wake biyu daga aljihunsa, ta fita bakin ƙofa inda hasken rana yake, ta ɗora su a kan takardar ta duba. Ta koma ciki ta rage shuɗi, ta ƙara rawaya, ta sake fitarwa. Ta kuma janye sunan irin daga bakin takarda, inda wuƙar yanka za ta ci shi. Sau biyar tana shiga tana fita. A na biyar ta aje ƙwayar a kan hoton, mutumin ya nemi ta gaskiyar ya rasa, sai da ya sa yatsa ya taɓo ta. Daga nan ta miƙa masa wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Ya leƙa. Babu wake. Ɗige-ɗige ne kawai, ko girman ƙwayar acca ba su kai ba, shuɗi da ruwan hoda da rawaya da baƙi, kowanne a mazauninsa, a jere kamar shuka a kan kunya. Ya ɗago kai, wake ya dawo. Ya sake leƙawa, ya ɓace. Shekara arba'in yana tantance iri da ido, ranar nan abin da ya iya faɗa ke nan, "Ikon Allah."

Washegari aka kunna inji. Daɓen ɗakin yana rawa, takardu suna zubowa kamar ruwan indararo, kowace sak da takardar gwajin nan ta biyar. Mutumin ya tsaya yana kallo. Inji ba ya tambaya, ba ya waiwaye. Abin da aka ba shi yake haifarwa, kuma da kuskuren jiya aka ba shi, haka zai zubo da shi har sau dubu ashirin. Asarar yini guda mai sayar da irin nan ya yi, manoma kuwa kowa ya shuka waken da ƙasarsa ke ɗauka.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.