Sitiyari Sakayau

Da aka hana sitiyari mai aiki da mai, Malam Barau ya kai motarsa aka sa mata na lantarki.

"Baba, tsohon sai ka sa ƙarfi," in ji bakaniken. "Wannan kuwa da ɗan yatsa ma za ka juya shi."

Da yake Juma'a ce, ya nufi ƙauyensu da ya zama kufai, don ziyarar kabarin matarsa Asabe. Da ya iso kwanar, ya murza hagu. Sitiyarin ya juya sakayau kamar faifai, tayoyin kuwa suka miƙe abinsu.

"Babu kowa a wannan hanyar," in ji motar, wadda sabon sitiyarin ya ba wa murya da ikon zaɓen hanya.

"Akwai Asabe," ya ce a hankali, yana ta murzawa.