Kafintan da Ake Kira Mai Guguwa

An yi wani kafinta a wani gari, mutum mai ƙarancin magana. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu kuma aure ya kai su nesa. Wata Asabar yana dawowa daga kai ƙofa ƙauye, sai ya tarar da mutane a wani fili bayan gari suna horar da karnukan farauta. A ja fatar zomo da igiya cikin ciyawa, a saki kare ya bi sawu, a busa usur ya tsaya cak. Ya jingine kekensa ya yi ta kallo har rana ta take. Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne yadda kowane kare, in ya gama gudu, yake ɗaga kai yana neman ubangidansa a cikin taro. Shi kam ya daɗe rabon da wani ya neme shi da ido. Ya tambayi shugaban ƙungiyar sharaɗin shiga, aka lissafa masa kuɗin rajista, da na wata-wata, da allurar rigakafi, da abincin kare. Ya ga duk bai kai ribar gado ɗaya ba. Sai sharaɗi na ƙarshe: kowace Asabar da Lahadi a hallara a fili da sassafe, wanda ya yi fashi uku a cire karensa daga gasar shekara. Wannan ma ya ga araha ne, don a ganinsa ba abin da yake yi da Asabar. Ya sayi ɗan kwikwiyo ja mai farin goshi, ya sa masa suna Guguwa.

Da farko maƙwabtan da suke cin tuwo tare a ƙofar gidansa ne suka fara takura. Yau kare ya shinshini kwano, gobe ya lashi gefen rigar wani sai ya je ya wanke kafin salla. Ba wanda ya yi masa faɗa, tabarmar ce kawai ta koma ƙofar wani gidan. Ya koma cin abinci a tsakar gida, ya kai loma baki, ya jefa wa Guguwa loma. Sannan ya lura ashe ɗaurin aure da suna duk ƙarshen mako suka fi faɗowa, da safe kuma. Yakan ce zai leƙa da yamma, amma yamma na yi ƙafafunsa sun kumbura da zagayen daji, sai ya ce gobe. Ranar da wansa zai ɗaura wa babban ɗansa aure ta zo daidai da ranar gasa. Ya fito da babbar rigarsa ya shimfiɗa a gado, ya daɗe a tsaye yana dubanta, kare kuma na bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya. Shekara uku yana jiran wannan gasar. Ya ɗauki igiya ya fita. Ran nan Guguwa ya zo na ɗaya, aka ɗaga kafinta sama ana kirari, aka ba shi kofi mai ƙyalli. Ya kawo shi gida ya ɗora a kan teburin da ya ƙera da hannunsa, ya zauna yana kallo, ba wanda zai nuna wa. Wan nasa bai aiko da ƙorafi ba. Daga ranar dai ya daina aiko masa da goron gayyata.

A damina ta bakwai, suna tsakiyar horo, kububuwa ta sari Guguwa a wuya. Kafin a kai shi wurin likitan dabbobi ya mutu a kan cinyar ubangidansa. Asabar ta gaba kafinta ya farka tun asuba kamar kullum, ƙafarsa ta kai shi fili hannu wofi. 'Yan ƙungiya suka yi masa jaje, da zuciya ɗaya kuwa, har wani ya ce zai ba shi kwikwiyo. Ya dubi gwiwoyinsa da suka fara ciwo, ya tuna shekarun da horo yake ci, ya yi godiya ya ce a bari. Sai aka busa usur, kowa ya juya ga karensa. Ya tsaya a gefen fili, ya fahimci a cikinsu ba wanda ya san hanyar gidansa, da yawa ma ba su san sunansa ba, Mai Guguwa suke kiransa. Ba mugayen mutane ba ne. Kare ne ya haɗa su, kare kuma ya tafi.

Daga nan ya hau kekensa ya nufi gidansu na gado, inda wansa yake zaune. Ya shiga zauren da ya yi rarrafe a cikinsa, ya yi sallama. Wata mata da goyo ta leƙo, matar ɗan wan nasa ce, wadda aka ɗaura aurenta ranar gasa. Ta durƙusa ta gaishe shi cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ta ce, "Baba ya tafi gona. Idan ya dawo, wa za a ce ya zo?"

Dole ya faɗi sunansa, ya ƙara da sunan mahaifinsa, a cikin zauren mahaifin nasa. Ta maimaita sunan a hankali don kada ta manta.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, zumunta a ƙafa take.