Ƙasan Jan Layi

Takwas saura kwata daidai Hedimasta Kailani ke ɗora rula ya ja jan layi a rajistar malamai. Duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin nan sau uku a wata, takardarsa ta tafi ofishin ilimi, daga nan sai a cilla shi makarantar ƙauye can Dutsen Abba. Ranar Laraba Malama Bahijja ta sa na uku, takwas da minti huɗu.

Ba barci ya makarar da ita ba, ina ta ga barcin? Maigidanta ba ya shan kunun fulas, ba ya cin ƙosan bakin titi, rigar da aka goge jiya kuwa a wurinsa ba a goge ta ba. Tun asuba take dama wannan, ta soya wancan, ta wanke 'yarsu Surayya da ƙaninta. Bakwai da kwata zai goge baki ya hau babur, don shi mutum ne da ba ya wasa da lokaci. Ita kuma ta kulle gida, ta miƙa ƙaramin wurin Gwaggo, ta tsaya kokawar Keke a cunkoson Tudun Wada.

Hedimasta ya kira ta ofis, ya ce ta kawo dalili a rubuce. Ta cika shafi biyu, har gugar ba ta bari ba. Ya gyara tabarau ya karanta tsaf, ya sa mata waƙafi a wuri ɗaya. Ya ce makaranta ba kicin ba ce, ga Malama Ishatu nan da 'ya'ya biyar, ba ta taɓa makara ba. Bahijja ta ce mijin Ishatu shayi da burodi yake sha, kuma shi ke kawo ta.

"Wannan tsakaninki da mijinki ne, Malama. Ni doka nake bi."

Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya buga hatimi ya sa hannu.

Ta karɓi kwafinta, ta ninke, ta sa a jaka. Ta ce ba komai, sai dai mai zuwa Dutsen Abba shida da rabi yake barin gida. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ashana tana bayan tukunyar manja, Baban Surayya. Daga Litinin sai ka tashi da wuri."